Fuskar Yaya a Bayan Ƙofa

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, ko da wasa. Shi ne ɗanta na fari, ni ce auta. Ni kam tana kiran sunana har ya gundure ni, tun daga tsakar gida har bakin rijiya. Shi kuwa "wancan" ne, ko "yayanku". Da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, gida ɗaya da mu amma kamar ɗan maƙwabta. In ya shigo gaishe da Inna ba ya wuce bayan ƙofa. Nan zai tsuguna, ya sunkuyar da kai, ya ce ina kwana. Ita kuma ta juya fuska wajen bango ta ce lafiya, kamar wadda baƙo ya tambaya hanya.

Tun ina yarinya abin nan yake ba ni haushi. Na taɓa ce mata, "Inna, wai a kasuwa kika tsince shi ne?" Ta ɗaga muciya ta ce in ɓace mata da gani, marar kunya kawai. Haka ta tarar uwarta tana yi wa nata ɗan farin, kuma matan ƙauyenmu suna yaba mata. Cewa suke yi ba a taɓa ganin mace mai kara irinta ba.

Ƙauyen namu yana can bayan Damari, a bakin daji. A kakar masara 'yan bindiga suka harbe Yaya a gonarsa. Washegari maza suka je a tsorace suka binne shi inda ya faɗi, don babu mai zuciyar ɗauko gawa ya ratso dajin da ita. Inna ba ta ga gawarsa ba. Ba a daɗe ba mutanen suka dawo suka cinna wa rumbuna da ɗakuna wuta, kowa ya kama gabansa. Matar Yaya ta kwashi yaranta ta koma wurin iyayenta a Kazage. Inna ta iso wurina a Birnin Gwari, inda nake koyarwa a firamare, da ƙullin kaya ɗaya a ka.

A gidana aka yi zaman makoki. Na yi kuka har muryata ta dishe. Inna ba ta zubar da hawaye ko ɗaya a gaban mutane ba. Duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Sai haƙuri," ta miƙa mata ruwa. Na ji wasu tsofaffi a ƙofa suna cewa, kun ga mace, ɗan fari ya tafi amma ko gezau. Na so in kore su daga gidana, maigidana ne ya hana ni.

Watanni suka wuce. Wata rana bayan la'asar ina tsince wake a tsakar gida, tana zaune a tabarma tana jan carbi, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Auta, wancan yana cikin wayarki?"

Na san wanda take nufi. Amma raina a ɓace yake tun ranar makoki, sai na ce, "Wa?"

Can ta ce, "Yayanku."

Na ajiye faifan. Ta ci gaba da magana tana kallon carbinta. "In na rufe ido na neme shi, sai in ga hula. In ga ƙeya. In ga ƙafafunsa da laka. Fuskar ba ta zuwa. Na yi ta kira, ba ta zuwa." Ta ja carbi ɗaya. "Ban kalle shi ba, auta. Shekara da shekaru yana shigowa yana fita, ban kalle shi ba."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin al'ada kamar na ranar ba. Na ce mata zan nemo.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Ashe Yaya bai bar hoto a duniya ba. Katunansa suna aljihunsa ranar da aka kashe shi, da su aka binne shi. Wayarsa ta tafi da waɗanda suka harbe shi. Hoton aurensa, wanda ke maƙale a bangon ɗakin matarsa, ya ƙone tare da bangon. Na kira yayyena mata ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce za ta duba, kowacce ta dawo da hannu biyu. Yaya mutum ne da in ya ga an ɗaga waya sai ya tuna yana da aiki a bayan gida.

Abin da ya rage bidiyo ne guda, gajere, a cikin wayata. A daminar da ta gabata na ɗauke shi, lokacin da na je hutu ƙauye da 'yata wadda ta fara koyon tafiya. Wayar sabuwa ce a lokacin, har kaji nake ɗauka. Ranar hadari ya haɗu da rana tsaka, muna cikin ɗakin Inna, ɗakin da tagarsa ɗaya ce tak, ita ma an toshe ta da tsumma. Yarinya ta miƙe tana tangaɗi ta nufi ƙofa, na bi ta da waya. Daidai nan Yaya ya dawo daga gona ya shigo gaisuwa, ya tsuguna a wurinsa na kullum.

Waya ba ta da hankali. Inda ta ga haske nan take bi. Ta ga ƙofa a buɗe, sai ta gyara idonta daidai da hasken waje, ta bar cikin ɗakin baƙi ƙirin. A bidiyon ana ganin ƙofa fara fat, da yarinya kamar inuwa a tsakiyarta, sauran kuma duhu. Amma akwai murya. Ana jin Yaya ya ce, "Ina wuni." Ana jin Inna ta ce, "Lafiya." Ana jinsa yana yi wa yarinyar wasa, yana ce mata 'yar birni, yana tambayarta ko ta kawo masa tsarabar birni.

Na kunna wa Inna. Da muryar ta fito na ga yatsunta sun damƙe bakin tabarma. Ta matso da fuskarta kusa da wayar ta ce, "Ina yake?"

Na nuna mata gefen hagu. "Ga shi nan, cikin duhun nan."

Ta ce, "To ki fito da shi."

Haka ta faɗa, kamar ɗaki ne aka rufe shi a ciki ni kuma ina riƙe da makulli.

Maigidana yana da wata tsohuwar kwamfuta da yake aikin shagonsa na takin zamani da ita. Na kai ta wurin wani mai ɗaukar bidiyon biki a kusa da tasha, ya sa mini manhajar gyaran bidiyo, ya nuna mini inda ake jan haske da inda ake yanke gefe. Daga nan kullum in na taso daga makaranta na sauke tukunya, sai in zauna da ita a ƙofar ɗakina har cajinta ya ƙare. Wuta ba ta zuwa, don haka da safe in ɗauke ta cikin jaka in bar ta a shagon caji, in karɓo ta a hanyar dawowa.

Abu na farko da na yi shi ne na yanke hoton. Na cire mafi yawan ƙofa, na cire gefen dama gaba ɗaya, na bar kusurwar da Yaya yake da ɗan bakin ƙofar kawai, na faɗaɗa ta ta cika allon. Sannan na fara jan haske. Wani ɗan layi ne mai ɗigo a kai, in ka ja ɗigon dama sai hoto ya yi haske. Na ja shi har ƙarshe. Baƙi ya koma toka-toka, ba abin da ya fito. Na mayar da shi, na gano wani layin da ke ɗaga wuraren inuwa kaɗai. Wannan ya fi. A hankali wani abu ya fara tasowa daga duhun: gefen hula, gangaren kafaɗa, gwiwa ɗaya. Na kusa kiran Inna.

Amma tare da su sai wasu ɗige-ɗige suka taso, ja da kore, suna motsi a kan komai kamar tururuwa ta samu sukari. Duk yadda na ƙara haske, su ma sai su ƙaru. Manhajar tana da wurin share su. Na share, sai hoton ya yi sumul kamar an shafe tuwo da mara, hula da kai da bango suka zama abu ɗaya. Na rage sharewa, tururuwa ta dawo. Haka na yi ta kai da kawowa. Na cire launi gaba ɗaya na bar fari da baƙi, ya ɗan rage hayaniyar. Na koyi tafiya da bidiyon taku ɗaya-ɗaya, ina tsayawa a kowane motsi ina dubawa.

Akwai wuri guda da yarinyar ta yi tuntuɓe, Yaya ya miƙo hannu cikin hasken ƙofa ya tare ta. Hannun ya fito ras, har da kantar fartanya a tafin da tabon lauje a babban yatsa. Akwai kuma wurin da ya ɗaga kai yana dariya. Nan na fi daɗewa. Na ja duk abin da ake ja, abin da na samu shi ne ɗigo biyu masu ƙyalli a inda idanu suke, da wani fari-fari a inda haƙora suke. A can na fahimci abin da ke faruwa. Manhaja tana ɗaga abin da haske ya taɓa ne, ko da kaɗan ya taɓa shi. Bayan ƙofar nan kuwa haske bai je ba sam, domin ƙyauren ne ya tare shi. Yaya ya zaɓi wuri mafi duhu a ɗakin, kamar yadda aka koya masa tun yana yaro.

Kullum in na rufe kwamfutar Inna za ta ce daga tabarmarta, "Ya fito?"

In ce, "Saura kaɗan."

Na nuna mata hannun. Ta dube shi ta ce, "Hannun na san shi. Shi yake ajiye mini goro a bakin ƙofa."

Wata malama a makarantarmu ta ba ni labarin wata manhajar daban, ta waya, wadda in ka ba ta hoto marar kyau take mayar maka da shi tas. Tana bukatar sabis, sabis kuwa a garinmu sai ya ga dama. Na ciro hoton wurin da Yaya ya ɗaga kai, na tsaya a kan tudun da ke bayan ajinmu ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, har ya tafi. Da ya dawo sai ga fuska.

Fuska ce sosai, da ido da hanci da gemu an gyara shi tsaf. Fata sumul, haƙora jere. Kyakkyawan mutum, irin na tallan sabulu, sanye da hular Yaya, a tsugune a wurin Yaya. Na tsaya a kan tudun nan ina ƙare masa kallo. Yaya yana da wushirya, kuma zanzana ta bar masa 'yan ramuka a kumatu, kunnensa na dama ya ɗan lanƙwashe. Babu ko ɗaya a nan. Manhajar ba ta fito da kowa daga duhu ba. Ta duba ɗigo biyu da fari-fari, ta ƙirƙiro mutumin da ta ga ya dace da su.

Na nuna wa maigidana. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ki kai mata. Tsohuwa ce, ta ce da bakinta ta manta fuskar. Hankalinta zai kwanta, ke ma ki huta."

Na ce ƙarya ce. Ya ce ƙaryar da za ta sa tsohuwa ta ci abinci fa? A lokacin kuwa Inna ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Na kai mata.

Ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta goge allon da bakin mayafinta, ta kai kusa, ta kai nesa. Can ta ce, "Wannan ɗan wa ne?"

Na ce, "Inna, abin da na'urar ta fitar ke nan."

Ta ce, "Allah Ya raya wa uwarsa shi. Ba nawa ba ne."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin ta ce da Yaya "nawa" ba sai ranar. Na tsuguna kusa da ita na ce, "Me ya rasa? Faɗa mini in gyara."

Ta ce, "Da na san abin da ya rasa ai da ban tambaye ki ba." Ta miƙo mini wayar tana kawar da kai. "Cire shi. Kada ya zauna mini a wurin."

Na goge shi a gabanta. Ta yi gaskiya, domin ni kaina na yi kwanaki in na tuna Yaya sai mutumin sabulun nan ya riga shi zuwa. Sai da na riƙa kiran wushiryar da kunnen a raina kamar mai bitar karatu kafin ya tafi.

Daga ranar Inna ta daina tambaya ko ya fito. Wannan ya fi tambayar ciwo. Ta koma zama tana fuskantar bango, kwanon tuwonta yana dawowa kamar yadda aka kai shi. Ni ma na rufe kwamfutar na ajiye ta a kan akwati. In na gan ta sai in ji kamar in jefa ta rijiya.

Matar Yaya ce ta sa na sake buɗe ta. Ta aiko daga Kazage cewa ta ji akwai muryarsa a wurina, yara suna so su ji. Na ga bai kamata in tura musu kusurwar duhu da ɗige-ɗige ba, gara in ba su bidiyon gaba ɗaya, da ƙofa da yarinya da hannun da ya tare ta. Wata Asabar da hantsi na zauna na cire yankan da na yi tun ranar farko. Hoton ya koma faɗinsa, hasken da na ɗaga yana nan a kansa. A karo na farko na ga gefen dama na ɗakin a cikin haske.

Inna tana da jeren kwanuka a gefen gadonta, tasoshi da samiru da ta tara tun aurenta, kullum a goge. Hasken ƙofa ya faɗa a kansu, su kuma suka mayar da shi kan wadda ke zaune a bakin gado. A ido ba a gani, a wayar ma ba a gani, amma ya taɓa ta. Ga Inna nan, cikin ɗige-ɗige, amma ita ce, har da tsagen kumatunta.

Na kunna daga farko. Yaya ya shigo ya tsuguna ya ce ina wuni, Inna ta juya wajen bango ta ce lafiya. Wannan na sani. Sai ya sunkuyar da kai yana wasa da yarinya. Inna ta juyo a hankali. Ta kafa masa ido. Ba kallon wucewa ba, kallo irin na mai ƙishi a bakin randa, bakinta a ɗan buɗe, ta ɗan karkato gaba. Da ya ɗaga kai yana dariya, ta yi wuf ta mayar da fuska bango. Da ya sake sunkuyawa, ta sake juyowa. Haka har bidiyon ya ƙare. Ina cikin ɗakin nan ranar, taku kaɗan tsakanina da ita, ban gani ba. Ta san duhu ne, ta san babu mai ganinta.

Na ɗauki kwamfutar na je na ajiye ta a tabarma gabanta. Na ce, "Inna, bai fito ba. Ba zai fito ba, haske bai kai wurinsa ba. Amma ki ga wannan."

Ta duba ba da son ranta ba. Da ta gane kanta a bakin gado sai ta kai hannu ta rufe baki, irin na wadda aka kama. Na ɗauka za ta ce in kashe. Ba ta ce ba. Ta kalli matar da ke cikin allon tana juyowa, tana kawar da kai, tana sake juyowa. Da ya ƙare ta ce, "Mayar baya." Na mayar. Ya ƙare, ta ce in sake.

A karo na uku ne ta sauke hannun daga bakinta. Ta ce, a hankali, ba da ni take ba, "Ashe na kalle shi."

Sannan ta yi kukan da ba ta yi a makoki ba. Na tashi na rufe ƙofar gida don kada maƙwabta su shigo, na dawo na zauna a bayanta.

Fuskar ba ta dawo mata ba. Na tambaye ta daga baya, ta girgiza kai. Kusurwar hagu tana nan baƙa har yau, da ɗigo biyu masu ƙyalli, kuma na daina taɓa ta. Na sa mata bidiyon a wayata, ta koyi inda ake dannawa da kanta. Bayan la'asar in ta idar da salla sai ta ce, "Auta, ba ni wayar." Ina tsince wake ina satar kallonta. Ba ta duban gefen hagu. Matar da ke bakin gado take kallo, domin ita ce ta ga fuskarsa.